Kafin ka ce ka yafe, ka san girman raunin

Kwanakin baya na je dubiya asibiti. Wanda na je gaisarwa magidanci ne, aikinsa lodin kaya a wani sito. Motar kamfanin ce ta yi baya, ba mai duba mata hanya, ta matse shi da bango. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, an sa ƙarfe, an rataye ta. Ina zaune sai ga wakilin kamfanin da ambulan a hannu ɗaya, takarda mai shafi biyu a ɗaya hannun. Ya yi jaje sosai, ya ce ga kuɗin magani, "sai dai a ɗan sa mana hannu a nan don mu rufe fayil."

Majinyacin ya waiwayi wani dattijo da ke zaune gefen gadon. "Kawu, ya kake gani?"

Dattijon bai ko karɓi takardar ya duba ba. Ya ce, "Sa hannu kawai, ɗana. Ƙaddara ce, ba mai kauce mata. Kuɗin jini kuma ba ya albarka."

Matar majinyacin ce ta ce a dakata tukuna likita ya zo. Na fito raina a ɓace, kuma ba wakilin kamfanin ne ya ɓata min rai ba, shi aikinsa yake yi. Maganar dattijon ce ta tsaya min, don na san da zuciya ɗaya ya faɗe ta, kuma na san mutane da yawa haka suke gani.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda sakacin wani ya ji wa rauni yana da haƙƙin neman diyya, kuma neman ba kwaɗayi ba ne. In ya ga dama ya yafe, wannan alheri ne babba. Amma yafiyar da aka karɓe daga mutum yana kwance, maganin kashe zafi bai sake shi ba, bai san ko zai sake takawa ba, ni ban ɗauke ta yafiya ba.

"Ai ƙaddara ce"

Ƙaddara ce, ban musa ba. Sai dai faɗin haka ba ya biyan kuɗin tiyata. Duk raunin da aka ji yana zuwa da lissafinsa: kuɗin gado, magani, hoton ƙashi, gashin ƙashi na wata da watanni, kuɗin mota zuwa asibiti da dawowa, albashin da ya tsaya. Dole wani ya biya. In mai sakacin bai biya ba, matar majinyaci za ta biya da jarinta, ɗansa ya biya da karatunsa, 'yan'uwa su biya da ɗan abin da suka tara. Mai cewa a bar wa Allah, a aikace yana cewa ne a bar wa iyalin wanda aka ji wa ciwo.

Kuma abin mamaki, addinin da ake fakewa da shi bai ce haka ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, an yi maganar wanda ya kashe mumini bisa kuskure, aka ce ya miƙa diyya ga iyalan mamacin, sai fa in su ne suka bar ta sadaka. Ka lura, kuskure ake magana, kuma zaɓin bari yana hannun masu haƙƙi. A wasiƙar da aka ruwaito Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazm, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an jera abin dalla-dalla: rai raƙuma 100, ido ɗaya 50, hannu 50, ƙafa 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Shari'ar da ta zauna ta yanka wa haƙori farashi ba ta ɗauki karɓar diyya abin kunya ba.

A Littafin Fitowa na Attaura ma, sura ta 21, an ce wanda ya bugi ɗan'uwansa har ya kwanta jinya zai biya shi lokacin da ya yi asara, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke sarai. To daga ina muka samo cewa kuɗin ba ya albarka?

"Ba da gangan ya yi ba"

Nan ne aka fi rikita abubuwa biyu. Shari'ar laifi daban, shari'ar diyya daban. A ta farko hukuma ce ke gurfanar da mutum don a hukunta shi, kuma sai an kawar da duk wani shakku mai ma'ana kafin a kama shi da laifi. A ta biyu wanda aka cuta ne ke shigar da ƙara don a mayar masa da abin da ya rasa, alƙali kuma yana duba labarin wa ya fi rinjaye ne kawai. Shi ya sa kotun laifi kan sallami direba, kotun diyya kuma ta ce ya biya. Ba su saɓa wa juna ba. Mai neman diyya ba ɗaure kowa yake nema a yi ba.

Abin da kotu ke tambaya a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila abu huɗu ne. Shin akwai nauyin kulawa da kai a wuyan wannan mutum? Ya yi wasa da nauyin? Wasan da ya yi ne ya jawo raunin? Kuma akwai asarar da za a iya nunawa? Niyya ba ta cikin jerin.

Tushen wannan wata shari'a ce mai ban dariya. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotlan, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shagon shaye-shaye, abokiyar tafiyarta ta saya mata lemon citta a kwalba mai duhu da ba a ganin cikinta. Ta sha wani ɓangare, da aka juye sauran, ta ce sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya faɗo. Ta kamu da ciwon ciki. Matsalarta ita ce ba ita ta sayi lemon ba, don haka ba wani ciniki tsakaninta da mai shagon, balle mai kamfanin, David Stevenson. Maganar ta kai har kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, a 1932 alƙalai uku cikin biyar suka ce tana da damar ƙarar mai kamfanin. Ɗaya daga cikin alƙalan ukun, Lord Atkin, ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: wajibi ne mutum ya kiyaye kada aikinsa, ko barin aikinsa, ya cuci maƙwabcinsa, maƙwabci kuwa shi ne duk wanda hankali zai ba ka cewa abin da kake yi zai iya shafarsa. Direba da mai tafiya a ƙasa maƙwabta ne. Haka likita da majinyaci, mai gini da mai wucewa ta ƙarƙashin ginin, mai kamfani da lebura.

Wannan ƙa'ida tana yanka ta ɓangare biyu, kuma ya kamata a faɗa. Ba duk wanda ya ji ciwo ne ke da diyya ba. In ka zame a tsakar gidanka, ko aka yi maka tiyata yadda ya kamata amma jiki ya ƙi karɓa, ba wanda ya ci maka haƙƙi. Sai an nuna sakaci.

"Ni ma da laifina"

Mutane da yawa a nan suke sarewa. Ban sa hular kwano ba, ban ɗaura bel ba, na tsallaka titi ba a wurin tsallakawa ba, don haka ba ni da bakin magana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, gaskiya ne, amma a yawancin wurare wannan rage diyya yake yi, ba ya soke ta. Ingila ta gyara dokarta a kan haka tun 1945. A wata shari'a ta 1975, Froom da Butcher, kotun ɗaukaka ƙara ta yanka ma'auni ga wanda bai ɗaura bel ba: in da bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, a rage kashi 25 cikin 100, in da zai sassauta shi ne kawai, a rage kashi 15. Sauran duk yana wuyan wanda ya haddasa haɗarin.

Akwai inda ba haka ba ne. A wasu jihohin Amurka kamar Alabama da Maryland, in aka samu hannunka a cikin sakacin, ko kaɗan ne, kana iya tashi ba ko sisi. Doka ce mai tsauri, kuma a ganina ba adalci a cikinta.

Wani abin da kan ba mutane mamaki: wanda ya ji maka rauni ba zai fake da cewa dama jikinka ba ƙwari ba. In ya ture tsoho mai raunin ƙashi ƙugunsa ya karye, ba zai ce da saurayi ne da ƙujewa kawai zai yi ba. Yadda ya same ka, haka zai ɗauki nauyinka.

"Talaka ne, me zan tatsa a jikinsa?"

Wannan uzuri yana fitowa daga tausayi, kuma ina girmama shi. Amma sau da yawa ba talakan ne zai biya ba. In direba yana bakin aikin kamfani lokacin da ya yi ɓarnar, doka tana kama kamfanin. In motar tana da inshora, kamfanin inshora ne ke biya, don dama abin da ya sa aka wajabta inshorar ke nan. Birtaniya ta wajabta ta ga masu mota tun 1930, a 1946 kuma aka kafa wata hukuma da kamfanonin inshora ke zuba wa kuɗi don biyan waɗanda mota marar inshora ta buge. A kan raunin wurin aiki, Jamus ta yi dokar inshorar haɗari ga ma'aikata tun 1884, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck. Fiƙihu ma ya riga ya hango wannan: diyyar kisan kuskure dangin mai laifi na ɓangaren uba ne ke haɗa ta, don kada ta durƙusar da mutum ɗaya.

Saboda haka in ka ce ka yafe wa direba don kana tausayinsa, duba da kyau wa ka yafe wa. Yana yiwuwa kamfanin da ya shekara yana karɓar kuɗin inshora ka yi wa kyauta.

Inda mai laifin talaka ne da gaske, ba inshora, ba ubangida, ba asusun gwamnati, to hukuncin kotu takarda ce kawai. A nan sulhu a kan abin da zai iya ya fi shari'a, ba ni da ja.

Takardar da ake kawowa bakin gado

A nan nake so in daɗe, don a nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

Takardar sulhu yawanci tana ɗauke da jimla guda da ke cewa kuɗin da ka karɓa shi ne na ƙarshe, ka sauke duk wani haƙƙi, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Da ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, magana ta ƙare. In bayan wata shida ƙashin ya ƙi haɗewa aka ce sai an sake tiyata, ko ciwon kan da ka raina ya zama mantuwa da jiri, ko likita ya ce ba za ka ƙara ɗaukar kaya mai nauyi ba har abada, da wuya ƙwarai kotu ta yarda a sake buɗe zancen. Wanda ya kawo takardar ya san haka. Shi ya sa yake zuwa da wuri, lokacin da kuɗin asibiti ya shaƙe iyali, kowa yana neman abin da zai kai wa mai sayar da magani kafin dare.

Rauni kuwa ba ya nuna girmansa a makon farko. Kuma diyya ba kuɗin magani kaɗai ba ce. Ana lissafa abin da aka riga aka kashe, da wanda za a kashe nan gaba. Ana lissafa albashi ko cinikin da ya tsaya, da wanda mutum zai rasa in ya koma ƙaramin aiki saboda naƙasa. Ana lissafa raɗaɗi da wahala, da abin da rauni ya hana mutum na jin daɗin rayuwa. A Ingila har hidimar da mata ko uwa ko ɗa ya yi wa majinyaci kyauta, wanka da ciyarwa da kai shi banɗaki, ana yi mata kuɗi a sa cikin lissafi. Mai lodin kaya ɗan shekara talatin da biyar da ya rasa ƙarfin ƙafa, asararsa ta shekaru masu yawa ce. Ambulan guda ba ya ɗaukarta.

Ba laifi a karɓi taimakon gaggawa. Abin kiyayewa shi ne a rubuta cewa wani ɓangare ne, ba biyan ƙarshe ba. Kuma wanda ya zo da jaje da neman gafara a karɓe shi hannu bibbiyu. A Ingila wata doka ta 2006 ta ce ba da haƙuri ko tayin ɗaukar nauyin magani shi kaɗai ba amsa laifi ba ne, don kada tsoron kotu ya hana mutane nuna mutuntaka. Kana iya yafe wa mutum a zuciya, ku gaisa, ku ci gaba da zumunci, lissafin ƙafa kuma yana nan.

Sai dai jira ma yana da iyaka, don doka tana yanka wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne daga ranar haɗari, ko daga ranar da mutum ya gane yana da raunin, kuma yaro ba a fara ƙirga masa sai ya cika 18. A Amurka kuwa, a jihar Kalifoniya shekara 2 ne, a jihar Tennessee shekara 1 tak. In hukumar gwamnati ce ake ƙara, lokacin kan fi gajarta: a Kalifoniya wata 6 ake ba mutum ya kai kokensa a rubuce. Kowace ƙasa da nata, kuma tambayar farko da ya kamata a yi wa lauya ke nan. Wa'adi in ya wuce, ko gaskiyarka ta kai hasken rana, an rufe ƙofa.

Hujja kuma tana lalacewa tun kafin wa'adin. Shaidu suna watsewa, a gyara matakalar da ta karye, a goge hoton kyamarar tsaro. Wanda ke jinyar ɗan'uwansa ya ɗauki hoton wurin da na raunin, ya karɓi lambar waɗanda suka gani, ya tabbata an kai rahoto ga 'yan sanda ko shugabannin wurin aiki, ya tara kowane rasiti a leda guda, har na mota. A je asibiti ranar da abin ya faru ko da ciwon bai yi tsanani ba. In aka bar kwana goma, lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaya: ina tabbacin ba wani wuri ka ji shi ba?

"Wasu sun mayar da abin sana'a"

Akwai su. Akwai masu shirya haɗarin ƙarya, akwai masu ɗingishi a gaban likita su yi gudu a bayansa. Waɗannan ɓarayi ne, a kama su. Amma labarin da aka fi kafa hujja da shi a duniya, na matar da kofi ya zubo wa ta zama miloniya, ba haka ya faru ba.

Stella Liebeck tana da shekara 79 a 1992 lokacin da kofin kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya zube mata a cinya, a garin Albuquerque na Amurka. Ba tuƙi take ba, jikanta ne direba, motar ma a tsaye take. A lokacin kamfanin yana ajiye kofinsa da zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ke cinye fata cikin daƙiƙoƙi. Ta ƙone har nama, ta yi kwana 8 a asibiti, sai da aka yi mata dashen fata. Dala 20,000 ta nema da farko, kamfanin ya yi mata tayin dala 800. A kotu, a 1994, aka gano kamfanin ya riga ya samu koke fiye da 700 na ƙuna. Masu taya alƙali yanke hukunci suka yanka mata dala 200,000, suka rage kashi 20 cikin 100 saboda nata sakacin, ya koma 160,000. Suka ƙara dala miliyan 2.7 don horon kamfanin, alƙali ya zabge ta zuwa 480,000, daga baya aka sasanta a asirce. Miliyoyin da ake ta yayatawa ba su taɓa shiga hannunta ba.

A gefe guda kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni. In aka ɗora masu ƙaryar a kan wannan adadi, ina ganin matsalar da ta fi girma ita ce ta masu gaskiyar da ba su taɓa tambayar kowa komai ba. Kuma kamfanin da bai taɓa biyan diyyar ƙafa ba, me zai sa ya ɗauki mai duba wa mota hanya?

Kotu da lauyoyi

Wannan ita ce sukar da ta fi ƙarfi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Shari'a tana cin lokaci, tana cin kuɗi, tana cin rai. Majinyaci yana da haya da bakunan ciyarwa, kamfanin inshora kuwa ba abin da ke korarsa, ɗage zama riba ce a wurinsa. Mutum biyu masu rauni iri ɗaya, ɗaya ya samu diyya don wanda ya buge shi yana da inshora, ɗayan ya tashi hannu rabbana. Wannan caca ce, ba tsari ba.

Ƙasar Niyu Zilan ta duba wannan ta sauya hanya gaba ɗaya. Bayan rahoton kwamitin mai shari'a Owen Woodhouse na 1967, daga 1974 duk wanda ya ji rauni a haɗari, ɗan ƙasa ko baƙo, asusun ƙasa ne ke taimaka masa da kuɗin magani, ma'aikaci kuma a biya shi har kashi 80 cikin 100 na abin da yake samu, ba tare da tambayar laifin wa ba. A madadin haka mutane suka haƙura da ƙarar juna a kan rauni. Ni wannan ya fi kwanta min, ko da yake yana da gibinsa: wanda ya faɗo daga tsani yana ciki, wanda cuta ta naƙasa kuma yawanci ba ya ciki.

Amma akasarin mutanen duniya ba su da irin wannan asusu, sai dai sulhu ko kotu. Mafi yawan ƙararrakin diyya ma da sulhu suke ƙarewa, ba a kai ga hukunci. Amfanin lauya shi ne ya sa a yi sulhun da ido a buɗe, da rahoton likita a kan tebur.

Rashin kuɗin lauya ba kullum yake hanawa ba. A wurare da dama akwai lauyoyin da ba sa karɓar komai sai an ci nasara, sannan su ɗauki kasonsu. A Amurka kason yakan kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100. A Ingila tun 2013 an ƙayyade cewa ladan nasarar kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na diyyar raɗaɗi da asarar da ta riga ta wuce, ba a taɓa kuɗin jinyar gaba. Takardar lauya ma takarda ce, a karanta ta kamar yadda za a karanta ta kamfani. A tambaye shi kashi nawa zai ɗauka, kuma kafin a cire kuɗin kotu da na rahoton likita ne ko bayan an cire, don bambancin ba kaɗan ba ne. A tambaye shi in an faɗi shari'ar wa zai biya kuɗin ɗaya ɓangaren. Duk amsar da ya bayar, a ce ya rubuta ta.